Gilashi na Uku

A shekarata ta ƙarshe ta koyon aikin awon jini aka tura ni ɗakin gwaje-gwajen wani farfesa a wani asibiti a nan Bauchi. Abokan karatuna duk sun guje shi, don an ce yakan sa ɗalibi ya yi ta maimaita shafa ɗigon jini a kan gilashi har sai shafin ya yi siriri yadda yake so. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne magana da mutane. Tun ina ƙarama, in baƙi suka yi sallama a gidanmu, ɗaki nake shigewa da littafina. Saboda haka aikin da za a bar ni ni kaɗai da madubin awo, na'urar nan da ke girmama abin da ido ba ya gani, ya yi mini daidai.

Farfesan mutumin Kudu ne, Kirista, dogo, ya fara ranƙwafawa. Yana saurayi aka turo shi Bauchi da niyyar ya yi shekara ɗaya ya koma, sai ga shi ya tsufa a cikinmu. Hausarsa irin ta 'yan Kudun da ke da shaguna a Kasuwar Muda Lawal ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa, kuma ba wanda hakan ya dama. Majinyata Baba suke kiransa, mu ma haka muke kiransa.

Binciken sankarar jini ya ba wa rayuwarsa. Ba ya zama ya ba da tarihinsa, sai dai mutum ya tsinta a hankali. Ya ce a farkon zuwansa yakan ga yara ana kawo su da zazzaɓin da ba ya sauka, jiki ya yi fari fat, dasashi na zubar da jini. A ba su maganin cizon sauro, a ba su na taifot, a ƙara musu jini, su koma gida, su dawo, su rasu, a ce zazzaɓi ne mai taurin kai. Shi ne ya fara shafa jinin irin waɗannan yara a gilashi, ya rina shi, ya duba. A cikin da yawansu ya tarar fararen ƙwayoyin jini sun lalace tun daga ɓargo, suna ta hayayyafa suna cinye wurin masu lafiya. A lokacin akwai manyan likitoci da ke ganin cutar ba ta cika kama yaranmu ba. Ya nuna musu cewa tana nan, dubawa ce ba a yi. Ya riƙa bin ƙananan asibitoci na ƙauyuka yana koya wa ma'aikata yadda za su shafa jini su busar su ba direban motar haya ya kawo masa. Ya rubuta abin da ya gano, aka karanta har a ƙasashen waje, aka yi ta kiransa ya je can ya yi aiki da kayan da mu sai a hoto muke gani. Yakan je ya yi 'yan watanni ya dawo. Ɗalibansa kuwa yau da wuya ka shiga babban asibiti a wannan yanki ba ka tarar da ɗaya ba.

Amma a shekarun da na san shi, tambayar da ke cin ransa wata ce daban. Ya riga ya koya wa mutane gane cutar, magani ma ana samu. Sai dai maganin irin wadda ta fi kama yara dogo ne, yakan wuce shekara biyu, alhali a cikin 'yan makonnin farko yaro yakan miƙe ya ci abinci ya yi wasa. Daga nan sai dangi su ce alhamdu lillahi, su tafi da shi, ba su dawowa sai cutar ta juyo da ƙarfin da magani ba ya iya mata. Ragowar bincikensa duk a kan wannan ya tsaya: me ke hana su dawowa, kuma wane ne a cikin gida yake yanke hukuncin.

Ina wata na biyu a wurinsa aka kawo wata yarinya, ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Fulani ne. Mahaifinta yana harkar dabbobi, yana haya a Ƙofar Ran, amma asalin gidan yana ruga, can ta hanyar Dass, kuma a can yarinyar ta tashi a hannun kakarta ta wajen uba. Ni na shafa jininta na farko. Ko da nake ɗaliba, ina leƙawa na san abin da nake gani. Baba ya zauna ya duba, ya ɗauki ɓargo ya tabbatar, aka kwantar da ita aka fara magani.

Kakar ce ke jinya. Tsohuwa ce siririya mai kaifin baki, kullum suna cikin tsokanar juna da jikar. Akwai kuma wata mata mai goyo da ke kawo abinci kullum. Takan ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta gaida tsohuwa a durƙushe, ta koma ƙarshen baranda ta zauna tana kallon waje. Ko sau ɗaya ban ga ta dubi gadon ba. Yarinyar Adda take ce mata, kamar yayarta. Wata sabuwar likita da ta ji an ce ai wannan ita ce uwar, ta fita ta same ta ta yi mata dogon bayani, matar ba ta ce uffan ba, kanta a sunkuye. Likitar ta dawo ranta a ɓace tana cewa ba ta taɓa ganin uwa mai sanyin zuciya irin wannan ba.

Baba ya ce, "'Yar fari ne. Ka bar shi."

Ni ban buƙaci ƙarin bayani ba, don ni ma 'yar fari ce, kuma har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. A wurin mutanen ruga abin ya fi namu tsanani. Uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi, ba ta sa baki a al'amarinsa, balle a gaban surukai. Ko yana mutuwa ne, kunya ta ce ta kau da kai.

Yarinyar ta sha wuya. Ta yi amai, bakinta ya yi gyambo, gashinta ya zube. Sannan ta fara murmurewa. Da aka sake duba jininta ya yi kyau, ɓargon ma haka. Aka sallame su da sharaɗin za su riƙa dawowa ana ci gaba da magani. Suka zo sau ɗaya. Ranar zuwa na biyu ta wuce shiru, ta gaba ma haka. Baba ya sa aka buga wa mahaifin waya, ya ce lafiya lau, yarinya ta warke, da ruwa ya sauka sosai tsohuwa za ta koma ruga da ita. A lokacin kuwa hadari ya fara haɗuwa da yamma.

Baba ya kira ni ya ce in shirya, gobe za mu Ƙofar Ran. Na ce masa ni ban iya magana ba, ya nemi wata.

Ya ce, "Ni ba zan shiga cikin gida ba, zaure ne iyakata. Kai mace ne. Kuma ba magana za ka yi da yawa ba, gilashi za ka nuna."

Wannan ita ce hanyarsa. Yana da wani tsohon madubin awo mai ido ɗaya wanda ba ya buƙatar lantarki, da hasken rana yake aiki, a cikin akwatin katako. Ya ce ya gaji da cewa mutane su yarda da abin da ba su gani ba, gara su leƙa da idonsu. Ya miƙo mini gilasai uku, kowanne a naɗe. Na farko jinin yarinyar ne ranar da aka kawo ta. Na biyu jininta ne ranar sallama. Na uku ba suna a jikinsa. Ya ce na wani yaro ne da aka yi shekaru, wanda shi ma jininsa ya yi kyau, aka tafi da shi, aka dawo da shi bayan 'yan watanni. Iyayen yaron ne da kansu suka yarda a riƙa nuna shi ga wasu iyaye. Ya ce in nuna su a jere, in faɗi gaskiyar abin da aka tambaye ni, kada in ƙara kada in rage.

Da hantsi muka ajiye motarsa a bakin titi muka shiga lungu da ƙafa, ina rungume da akwatin. Mahaifin ya tarbe mu da mutunci, aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo nono. Bayan doguwar gaisuwa Baba ya faɗi abin da ya kawo mu. Mutumin ya dubi ƙasa ya ce, "Baba, ai ni ba ni da ta cewa a kan wannan yarinya. Ta tsohuwa ce." Shi ma kunyar ce ta ɗaure shi. Baba ya ce ya sani, shi ya sa ya zo da 'yarsa. Ya nuna ni, ya ce ko za a yi mata izini ta shiga ta gaida Dada, wato tsohuwar.

Na shiga. Tsakar gidan ƙarama ce. Tsohuwa na zaune a gindin bango tana ɗaure ƙullin kaya, alamar tafiya ta matso. Yarinyar na kusa da ita, ta yi ɗan kumari, kanta ɗaure da kallabi. Uwar tana can bakin murhu, ta ba mu baya. Akwai wasu mata biyu na gidan suna tsintar shinkafa.

Na durƙusa na gaida tsohuwa. Ta ce, "A'a, 'yar masu allura ce! Kun biyo mu har gida? Dubi yadda kuka mayar mini da ƙawa, kai kamar bayan ƙwarya. Wa zai kalle ta a ruga?"

Yarinyar ta ce, "Ni dai gashina zai fito. Ke haƙoranki fa, yaushe za su fito?"

"Ji mara kunya! Da bakinki ya yi gyambo wa ya tauna miki abinci?"

"Da wane haƙorin?"

Matan suka kwashe da dariya. Na roƙi a ba ni turmi. Aka kife shi a inda rana ta faɗo, na ɗora madubin, na juya shi har haske ya shiga, na sa gilashi na farko, na ɗiga masa mai, na daidaita. Na ce wa tsohuwa ta rufe ido ɗaya ta leƙa da ɗayan. Ta yi ta fama, ta ce duhu kawai take gani, ta ce ko dai tsafi ne. Can sai ta gani.

Ta ce, "Waɗannan shuɗɗan fa, manya-manya, sun cunkushe kamar tumaki a shinge?"

Na ce su ne cutar. Jinin jikarta ne ranar da suka zo.

Na sa na biyu. Ta leƙa ta daɗe, ta ɗago fuskarta a sake. Ta ce, "To, ai sun watse. Ke ma da bakinki kin ce wancan cuta ne, wannan kuwa fes. Me kuma kuke nema a jikinta? Maganin nan naku wuta ne, 'yar nan. Ni na kwana da ita, ni na san abin da ya yi mata. Allah ya ba ta lafiya, a bar ta ta je ta sha nono ta yi ƙarfi."

Na ce mata akwai ragowar da ke ɓoye a cikin ɓargo, kaɗan ne har madubi ba ya kama su, in an daina magani sai su sake yaɗuwa. Ta ce abin da madubi bai gani ba, ni ina na gan shi? Sai na warware gilashi na uku na sa, na ce wannan na wani yaro ne, ba ɗan gidan nan ba. Nasa ma ya taɓa yin fes kamar na biyun, aka tafi da shi gida, wannan shi ne jininsa ranar da aka dawo da shi.

Tsohuwa ta leƙa. Ya fi na farko cunkushewa, da ƙyar ake ganin jan ƙwaya a tsakani. Ta ja baya ta ce kowa da ƙaddararsa. Ta koma kan ƙullin kayanta. Matan nan biyu suka zo suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, suka yi salati, suka koma kan shinkafarsu. A raina na ce shi ke nan, an gama, za a tafi da ita.

Ina shirin cire gilashin sai na ji motsi a bayana. Uwar ce ta taso daga murhu. Lokacin da ake duba na farko da na biyu ko waiwayowa ba ta yi ba, don na 'yarta ne. Wannan kuwa na ɗan wasu ne, babu kunyar da ta hana ta. Ta gyara goyonta ta durƙusa ta sa ido. Ta daɗe sosai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malama, ɗan shekara nawa ne?"

Ranar na fara jin muryarta. Na ce kusan sa'an wannan ne, ban nuna kowa ba.

"Yana ina yanzu?"

Na tuna Baba ya ce in faɗi gaskiya. Na ce ya rasu.

"Uwarsa tana nan lokacin?"

Na ce ban sani ba, amma ina jin tana nan.

Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka, ta fashe da kuka. Ba ƙaramin kuka ba, irin wanda ake yi in an shigo da gawa. Tana cewa wayyo yaron mutane, wayyo uwar yaron nan, da ta sani da ba ta bari an tafi da shi ba, wayyo ta ga ya tashi ya yi wasa ta ɗauka ya warke. Hausa ta ƙare mata ta koma Fulatanci. Goyon bayanta ya farka ya kama nasa kukan. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda 'yarta take ba, ba ta kuma ambace ta ba.

Ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Matan nan suka ajiye faifai. Daga zaure maganar maza ta ɗauke. Yarinyar ta zuba wa uwarta ido, bakinta a ɗan buɗe, ina jin ba ta taɓa ganin hawayenta ba. Kowa a gidan ya san wanda ake yi wa kukan, kuma ba wanda zai iya cewa ta yi rashin kunya, tunda ɗan wasu take yi wa.

Tsohuwa ta bar ta ta yi mai isarta. Hannunta na kan ƙullin, ba ta ɗaure ba, ba ta kwance ba. Da kukan ya lafa sai ta ce da surukarta, a Hausa, yadda ni ma zan ji, "Tashi ki duba tukunyarki, tana ƙonewa." Uwar ta share fuska da bakin zane ta koma murhu, ta sake ba mu baya.

Sannan tsohuwa ta juyo gare ni. "Maganin nan shekara nawa ne?"

Na ce biyu da wani abu, amma ba duka a kwance ba, yawanci zuwa ne a karɓi magani a koma gida.

"Gashin zai sake zuba?"

Na ce mai yiwuwa.

"In an yi duk wannan, kin ɗaukar mini alkawari za ta rayu?"

Na ce ba zan iya ba, Baba ma ba zai iya ba. Abin da muka sani shi ne waɗanda suka kammala da yawa suna rayuwa, waɗanda suka yanke kuwa kusan duk cutar na dawo musu.

Ta ce, "Da kin ce kin ɗauka, da na san ƙarya kike yi." Ta dubi jikarta. "Ke, mai kan ƙwarya, kin ja mini zaman birni da damina. Ruwan famfo, nonon gwangwani. In na mutu a garin nan ke ce."

Yarinyar ta ce, "Ai da ma kin kusa."

Wannan karon dariyar ba ta yi ƙarfi ba, amma an yi. Tsohuwa ta ce in je in gaya wa dogon nan na zaure za su zo ranar Litinin.

Da na fito na faɗa wa Baba, bai tambaye ni yadda aka yi ba, ya ji komai ta katanga. A mota ya ce shekarun baya da yawa yana zaton rashin sani ne kawai ke mayar da yara gida, sai daga baya ya gane cewa sau da yawa akwai wanda ya sani a cikin gidan, bakinsa ne a ɗaure. Daga wannan binciken ne ya sa aka fara tambayar kowane dangi, tun ranar farko, wane ne ke da iko da yaron, kuma a nemi ganinsa ko yana ina. Na ji an ce wasu asibitocin ma sun ɗauki tsarin. Ni dai tun daga ranar, duk gidan da za a shiga ciki ni yake turawa, kuma da na gama karatu a ɗakin nasa na samu aiki.

Sun zo ranar Litinin ɗin. Tsohuwa ta yi daminar a Ƙofar Ran tana mita, da lokacin kaka ya yi ta koma ruga ta bar yarinyar, wai ta bar ta ne don ta taya uwar raino. Daga nan uwar ce ke kawo ta. Takan yi gaba, yarinyar na biye da ita daga nesa kamar ba tare suke ba, in sun iso kowa ya nemi bencinsa. Ba su taɓa saɓa rana ba. Akwai lokacin da zazzaɓi mai zafi ya kama yarinyar a tsakiyar magani har muka fid da rai, ta farfaɗo. Kafin ta kammala idon Baba ya fara rauni, ya yi ritaya ya koma gidansa a GRA, amma ranar da aka ɗauki ɓargonta na ƙarshe sai da ya sa aka kawo shi. Ya leƙa ya ce ba ya gani sosai, in duba in faɗa masa. Na duba lungu-lungu na ce babu komai. Ya ce a tsayar da magani, ta riƙa zuwa awo lokaci-lokaci.

Zuwanta na baya-bayan nan ita kaɗai ta zo a keke. Ta yi tsawo har ta fi ni, sai da ta yi magana na gane ta. Ta ce Dada ta rasu bara a ruga, tana tsokanarta har ranar ƙarshe. Ta ce Adda tana gaishe ni. Na ɗauki jininta na shafa na rina, na zauna na duba, na daɗe fiye da yadda aikin ke buƙata. Ban ga komai ba. Na fito na gaya mata, na faɗa mata watan da za ta dawo, ta ce in Allah ya kai mu.